Kofin Da Yake Dawowa Cike

Inna: Halo? Halo, wa ke magana?

Auta: Inna, ni ce. Ina kwana?

Inna: Wa? Ɗaga murya, hannuna duk kumfa ne, da kafaɗa na maƙale wayar.

Auta: Auta ce, Inna. Autar Dattijo.

Inna: A'a! Auta manya! Yau kuma aka tuna da matar Baffa? Lafiya lau. Kin tashi lafiya?

Auta: Lafiya lau. Ya gida?

Inna: Mun gode Allah. Ya maigidan naki?

Auta: Yana lafiya.

Inna: Yara fa? Ƙaramin ya fara tafiya?

Auta: Ya fara. Ya ƙafar taki?

Inna: Gwiwar? Tana nan tana mulkinta. Ya makaranta, ana ta fama da 'ya'yan mutane?

Auta: Ana yi. Ya 'yan biyu?

Inna: Waɗannan? Sai sun ga dama suke kira. Ke, wai me nake ji a bayanki kamar ana jan ƙarfe?

Auta: Gado ne ake turawa. Inna, kina ina yanzu?

Inna: Ina zan kasance ranar Asabar ta ƙarshen wata? Ina ɗakin bayan coci, ina wanke kofunan Jibin Ubangiji na gobe. Gado kika ce? Wane irin gado ake turawa?

Auta: Muna asibiti.

Inna: Kuna ina? Layin yana yankewa.

Auta: Asibiti! Baba ne. Tun shekaranjiya.

Inna: Dattijo? Tun shekaranjiya, sai yau nake ji? Shi ya sa kika tsaya kina tambayata gwiwa!

Auta: Shi ya hana a faɗa wa kowa. Kin san halinsa.

Inna: Na sani sarai. Me ya same shi?

Auta: Hanji ne ya toshe. Ƙarfe sha biyu za su shiga da shi tiyata. Likita bai ɓoye mini ba, ya ce da shekarunsa da yadda zuciyarsa take, abin rabi da rabi ne.

Inna: Wayyo Yesu. Allah ya tashi kafaɗarsa. Bari in ajiye kofunan nan in nemi mota.

Auta: Ba za ki iso a kan lokaci ba, Inna. Ba don wannan na kira ba. Ki saurare ni, katina ba yawa. Fasto yana nan, ga shi can zaune a benci a bakin ƙofa, da 'yar akwatin Jibi a kan cinyarsa. Ni na roƙe shi ya zo. Likita ya ce ɗan kofin nan da ɗan gutsuren gurasa ba komai, amma daga ƙarfe goma ko ruwa ba zai shiga bakin Baba ba. Yanzu goma saura ashirin.

Inna: To, ku ba shi mana.

Auta: Ya ƙi.

Inna: Uhm.

Auta: Inna, kin ji ni? Na ce ya ƙi! Dattijon ikilisiya, shekara talatin yana raba wa mutane Jibi da hannunsa, yau an kawo masa nasa ya juya fuska bango. Fasto ya yi magana, ya yi addu'a, ya sake magana. Baba ya ce masa, "Wannan ba rabona ba ne, ka mayar." Na durƙusa, na yi kuka, na ce Baba me ka yi? Sai cewa ya yi, "Ki tambayi mai wanke kofuna."

Inna: Haka ya ce?

Auta: Haka ya ce. Mai wanke kofuna kuma ke ce, babu wata. Me kika sani?

Inna: Ni? Me zan sani, ni da nake ɗakin baya da soso da sabulu?

Auta: Inna, don Allah. Ba ki yi mamaki ba da na faɗa miki. "Uhm" kawai kika ce.

Inna: Ke dai da kunne. Tun kina ƙarama haka kike.

Auta: Saura minti goma sha takwas.

Inna: To. Tsaya in rufe famfo. Kina jina?

Auta: Ina jinki.

Inna: Babanki bai fara ƙin Jibi yau ba. Shekara goma sha huɗu ke nan bai sha ba.

Auta: Haba, Inna! Da idona nake ganinsa kowane wata yana ɗaga kofi.

Inna: Yana ɗagawa. Dattawa tirensu daban ne, ƙarami, rami takwas, bayan sun gama raba wa jama'a Fasto yake ba su nasu. Babanki a ƙarshen benci yake zama, kofinsa ne na kusurwa. Yana kai shi baki, leɓe a rufe, ya rufa tafin hannu a kai, ya mayar rami. Tire ya dawo wurina, bakwai babu komai, ɗaya cike. Watan farko na ce ko an yi kuskuren zubawa ne. Wata na biyu haka. Na uku sai na laɓe a ƙofa na gani da idona.

Auta: Gurasar fa?

Inna: Wa ke masa wanki tun rasuwar Mamanku?

Auta: Ni... Wayyo Allah. Aljihun rigar Lahadi. Kullum sai na kakkaɓe ɓurɓushi, har tururuwa nake samu. Ina ta masa tsiya wai yana ɓoye biskit kamar yaro.

Inna: To kin gani.

Auta: Amma me ya sa? Shekara goma sha huɗu... Inna, shekarar da Baffa ya rasu ke nan.

Inna: Ita ce.

Auta: Ina makarantar kwana lokacin. An ce mini ciwon hanta ne, shi ke nan.

Inna: Ciwon hanta ne. Amma ba a faɗa miki sauran ba. Baffanki kin san kafinta ne, bencin cocin nan duk shi ya yi, har na bayan da aka zaunar da shi a kai. Yana da shan giya, ba zan ɓoye ba, na sha wahalarsa. Wata Lahadi ya shigo sujada a buge, ya tsaya tsakiyar coci yana jan waƙa ba a fara ba. Dattawa suka sa shi a horo wata shida: bencin baya, babu Jibi. Ya karɓi horon. Kuma tun ranar bai ƙara kai kwalba baki ba, ni shaida ce.

Auta: Sai me ya faru?

Inna: Sai ciwo ya kwantar da shi. Cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi ɗorawa. Saura kwana goma sha biyu horon ya cika, ya ce mini, "Ki je ki roƙa a kawo mini Jibi, ba zan kai ba." Na tafi. Faston wancan lokacin ya yarda. Dattawa bakwai suka yarda. Babanki ya miƙe ya ce a'a.

Auta: Baba? Ɗan'uwansa fa, uwa ɗaya uba ɗaya!

Inna: Dalilin ke nan ma. Ya ce in aka ɗage wa ƙaninsa, gobe kowa zai ce ana son kai a ikilisiya. Ya ce doka doka ce, kwana goma sha biyu ba shekara ba ce, a jira. Na kama ƙafarsa a gaban mutane, Auta. Ya zare ƙafarsa a hankali, ya ce in yi haƙuri. Kwana huɗu tsakani Baffanki ya tafi.

Auta: Yesu na...

Inna: Halo? Kina nan?

Auta: Ina nan. Nas, don Allah ɗan jira, ba yanzu ba, minti biyar... Inna, to ai Baba ya san Maganar Allah fiye da mu duka. Shi ya koya mini cewa ba da aikinmu muke samun ceto ba, alheri ne, kyauta ce. Shi fa!

Inna: Ya koya wa kowa. Kansa ne ya sa a horo, kuma babu dattijon da zai ɗage masa, tunda babu wanda ya sani.

Auta: Ke kin sani.

Inna: Na sani.

Auta: Ba ki faɗa wa Fasto ba? Ba ki faɗa wa Mama ba tana da rai?

Inna: Ban faɗa ba.

Auta: Me kike yi da kofin?

Inna: In zubar a gindin bishiyar nan ta bayan taga, in wanke, in kife.

Auta: Shekara goma sha huɗu kina zubarwa kina shiru? Inna, me ya sa?

Inna: Kina so in yi miki ƙarya ko in faɗa miki gaskiya?

Auta: Ba ni da lokacin ƙarya.

Inna: Daɗi nake ji. In tire ya shigo, kusurwar nan nake fara dubawa. In na gan shi cike, sai in ji zuciyata ta yi sanyi, in ce yawwa, shi ma ya ɗanɗana. Har ƙirgawa nake yi. Ɗari da sittin da bakwai, na gobe ne na takwas.

Auta: Inna! Ke da kike jan addu'a a zumuntar mata?

Inna: Ni ɗin.

Auta: Kuma kina shan naki kowane wata?

Inna: Ina sha, har in lashe baki. Ki zage ni in kina so, na cancanta. Amma ajiye zagin tukuna, akwai wanda ya fi wannan.

Auta: Akwai kuma?

Inna: Daren... a'a, da hantsi ne ma, ranar da zai tafi. Baffanki ya ba ni saƙo in kai wa Babanki. Ban kai ba.

Auta: Wane saƙo?

Inna: Ba naki ba ne.

Auta: To ga mai shi nan a kwance, taku biyar tsakanina da shi. Saura minti goma sha ɗaya.

Inna: Ba zan iya ba ta waya. Ki bari in zo.

Auta: Ki zo ki tarar da wa? In ya shiga ɗakin nan bai fito ba fa? Ki ci gaba da ƙirga kofi?

Inna: Kada ki yi mini tsawa, ni ba sa'arki ba ce!

Auta: Ki yi haƙuri. Inna, ki yi haƙuri, amma ubana ne. Tsoro yake ji, na gani a idonsa. Ba tsoron wuƙar likita ba, tsoron abin da ke bayanta. Jiya na ji yana cewa shi kaɗai, "Da wace fuska?" Mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba.

Inna: Ni ma tsoro nake ji, 'yar nan. In na buɗe baki yau, ni ce mai laifi.

Auta: To ku zama ku biyu. Ina shiga. Fasto, don Allah kada ka tafi, ɗan ƙara mana kaɗan... Baba. Baba, juyo. Inna ce a waya, matar Baffa. Na sa a sifika, kowa yana jin kowa.

Baba: Na ce ki tambaye ta, ban ce ki haɗa ni da ita ba.

Inna: Yaya, ina kwana? Ya jiki?

Baba: Maman 'yan biyu. Jiki da sauƙi. Ya gida?

Inna: Lafiya lau. Yaya, ba gaisuwa ta kawo ni ba.

Baba: Na sani. Kin faɗa mata?

Inna: Na faɗa mata. Ashe ka san na sani.

Baba: Wa zai wanke kofi bai san cikakke da wanda aka sha ba? Shirunki na ɗauka hukunci ne. Kuma daidai ne.

Inna: Ba daidai ba ne.

Baba: Daidai ne. Na rufe wa ɗan'uwana ƙofa yana ƙwanƙwasawa. Kwana goma sha biyu na hana shi. Ni kuma in zo in zauna a teburin da na kore shi? Wanda ya ci ba da cancanta ba, kin san hukunci yake ci wa kansa.

Inna: Wa ya taɓa ci da cancanta? Nuna mini shi a cocin nan, ni nake wanke musu kofi, na san bakin kowa.

Baba: Kada ki yi mini wa'azi. Na san alheri, na koyar da shi. Amma akwai laifin da mutum ya yi da sani, da littafi a hannunsa.

Inna: To ji nawa laifin, shi ma da sani na yi. Kafinta ya ba ni saƙo in kawo maka, na riƙe shekara goma sha huɗu.

Baba: Saƙo?

Inna: Na dawo daga wurinku ina kuka, ina zaginka. Kwana uku suka wuce. Ranar da zai tafi ya kama hannuna, ya ce... Halo? Kuna jina?

Auta: Muna ji! Ci gaba, Inna, wayar ta ce saura minti uku a katin!

Inna: Ya ce, "Ki faɗa wa Yaya kada ya damu. Ɓarawon nan da aka gicciye kusa da Ubangiji bai sha kofi ba, bai cika wata shida ba, kuma an karɓe shi a ranar. Ni ma an riga an biya mini." Ya yi dariya ma, ka san dariyarsa. Sannan ya ce, "Na san Yaya, zai ɗora wa kansa. Ki ce masa na yafe. In an raba Jibi, ya sha nasa, ya sha nawa."

Baba: Kafinta ya faɗi haka?

Inna: Kalma kalma. Har ya ƙara da cewa in gaya maka ƙafar bencin dattawa ta hagu tana rawa, ka sa a gyara kafin ta kayar da kai.

Baba: Tana rawa. Har yau tana rawa.

Auta: Baba, kada ka motsa, robar ruwan hannunka za ta fita.

Baba: Me ya sa ba ki faɗa mini ba?

Inna: Don ina so ka sha wuya. Ba ni da wani dalili. Mijina ya sake ka, ni na ɗaure ka. Kai ka hana shi kwana goma sha biyu don tsoron bakin mutane, ni na hana ka shekara goma sha huɗu don mugunta. Kuma duk wata ina sha. To faɗa mini, Dattijo, kai da ka san doka: wata nawa za ka yanka mini?

Baba: Maman 'yan biyu...

Inna: A'a, faɗa! In kai ba ka cancanta ba, ni ina zan tsaya? In ba ka sha yau ba, gobe ni ma zan mayar da nawa cike, mu zauna a bencin baya mu biyu har mu mutu, sai ka ce Yesu bai yi komai ba.

Baba: Kada ki yi haka.

Inna: To ka yafe mini.

Baba: Ni zan yafe miki? Ni da na...

Inna: Kai! Lokaci yana tafiya, ba mahawarar dattawa muke ba. Ka yafe ko ba ka yafe ba?

Baba: Na yafe. Allah ya sani na yafe. Ke fa?

Inna: Ni... Ai na gaji, Yaya. Na gaji da zubar da kofinka a gindin bishiya. Na yafe. Yau dai na faɗa da bakina.

Auta: Goma saura huɗu. Baba?

Baba: Ya sha nasa, ya sha nawa. Haka ya ce?

Inna: Haka ya ce.

Baba: Ɗan banza, ko a bakin mutuwa sai ya ba ni aiki. Auta.

Auta: Na'am, Baba.

Baba: Ɗaga ni zaune. Ba a karɓa a kwance in mutum yana iya tashi.

Auta: Fasto! Fasto, shigo! Nas, taimaka mini da matashin kai ɗin nan, ta wancan gefen. A hankali, Baba, riƙe wuyana.

Baba: Ki tambayi Fasto ko kofi nawa ne a akwatin.

Auta: Ya ce biyu ne... Nas tana harararmu, Baba. Ta ce biyun ma ba su kai cokali biyu ba, a yi sauri kawai. Inna, zan ajiye, katin ya...

Inna: Tsaya! Kofunan akwatin nan ma ni nake wankewa. Ki ce wa Fasto kada ya ɗauraye su a can, kin ji? Ya kawo mini su yadda suke, ina so in gani da idona babu komai a ciki. Auta? Halo? Auta, kin ji abin da na ce?